Fayil ɗin Ofis da Akwatin Hajiya

Idan aka yi rasuwa a gidan da ke da ɗan abin hannu, kafin a yi sadakar arba'in magada za su gane cewa dukiyar da aka bar musu iri biyu ce. Akwai wadda ke hannun hukuma da kamfanoni: kuɗin banki, fansho, fili mai lamba, hannun jari. Wannan ana iya sanin adadinta har kwabo, amma ba mai taɓa ta sai ya bi layin takardu. Akwai kuma wadda ke cikin ɗaki, a ƙasan akwati ko cikin wata tsohuwar batta: sarƙa, 'yan kunne, warwaro, zobe mai jan dutse, tsakiya da murjanin kaka. Wannan a tafin hannu take, ba mai hana ka ɗauka, amma sau da yawa ba wanda ya san ko mece ce, balle nawa ta kai. Ta farkon takarda ce ta yi mata yawa, ta biyun rashin takarda ke cin ta. A ganina ciwon ɗaya ne: abin da mamaci ya sani game da kayansa ya tafi da shi kabari, ya bar masu rai suna lalube.

Abin da ya fi cin rai shi ne rabon kansa ba shi ne mai wuyar ba. Ayoyi uku a Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12 da ta 176, su ne ginshiƙin ilimin gado, malamai kuma sun tsara abin da ke gaba da abin da ke biye: a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi, a zartar da wasiyya muddin ba ta wuce sulusi ba kuma ba magaji aka yi wa ba, sannan a raba saura. Malamin da ya san aikinsa zai zauna tsakanin azahar da la'asar ya fitar wa kowa kasonsa, tumunin matan mamaci idan akwai 'ya'ya, sudusin uwa, rabon ɗa namiji ninkin na 'ya mace. Lissafi ya ƙare ke nan. Daga nan ake ɗaura ɗamarar wata tafiya da kan ci shekara guda, wani lokaci har yaran da aka bari a firamare su shiga sakandare ba a gama ba.

Tafiyar tana farawa da takardar shaidar mutuwa. Mu al'umma ce da ke gaggauta jana'iza, wanda ya rasu da asuba kafin azahar an kai shi makwancinsa, kuma hakan daidai ne. Sai dai wanda ya cika a gida ba shi da takardar likita, kuma a ranar ba wanda hankalinsa ke kan rajista. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a Nijeriya, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma yawancin iyalai ba sa jin labarin wannan takarda sai ranar da ma'aikacin banki ya tambaye su ita. Sai a koma neman wasiƙar mai unguwa, a je kotu a yi takardar rantsuwa, a dawo.

An samu wannan, sai rigimar suna ta taso. Mutum ɗaya ne, amma a firamare an rubuta shi da sunan garinsu, a wurin aiki da sunan mahaifinsa, a banki da sunan kakansa. Nan Muhammadu, can Mohammed, a takardar fili Mamman. Ranar haihuwa a wani wuri 1 ga Janairu, a wani wuri wata rana dabam da aka tsara don shekarun aiki su yi daidai. Tun da aka shigo da lambar banki ta BVN a 2014, aka kuma matsa a kan lambar NIN, kwamfuta ta daina yafe irin wannan saɓani. Mai rai zai iya zuwa ya dangwala yatsa, ya rantse cewa duk shi ne. Mamaci ba zai iya ba, sai ɗansa ya yi ta yawo da takardu yana neman ya tabbatar wa baƙi cewa uban da ya haife shi mutum ɗaya ne.

Akwai wani kuskuren fahimta da ya raba zumunci a gidaje da dama. Wanda mamaci ya rubuta a fom ɗin banki ko na wurin aiki a matsayin danginsa mafi kusa ba shi ne mai dukiyar ba. Mutumin da za a tuntuɓa ne kawai. Banki ba zai miƙa masa kuɗi don sunansa na kan fom ba, shari'a ma ba ta ba shi ko sisi fiye da kasonsa. Abin da banki ke nema shi ne izinin kotu. A sashen kula da dukiyar mamata na babbar kotun jiha ana cike fom, a kawo shaidar abin da ke cikin asusu, a kawo masu tsayawa, a buga sanarwa, a jira wa'adin masu ƙorafi, a biya wani kaso na ƙimar dukiyar. A jihohin Arewa Musulmi sukan bi ta babbar kotun shari'a ko kotun yanki, alƙali ya rubuta wa banki, a turo kuɗin kotu ta raba. Ko ta wace hanya aka bi, akwai tarkon da ke kama talaka: sai an kashe kuɗi kafin a fito da kuɗi, alhali kuɗin gidan gaba ɗaya su ne a kulle. Matar mamaci tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, al'ada ba ta so a gan ta tana zirga-zirga a ofisoshi, ga kuɗin makaranta ya zo, ga buhun abinci ya ƙare.

Fansho da fili kowanne da tasa ƙofar. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sa kuɗin ma'aikaci a asusun kansa a hannun kamfanin fansho, ta kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Haƙƙi ne mai tsoka, amma iyalai da yawa ba su ma san da inshorar ba, kuma hanyarta dabam take da ta asusun. Fili kuwa, tun dokar 1978 da ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, sayar da fili mai shaidar mallaka yana buƙatar amincewar gwamna. Wa ke nema? Sai ka tarar gida ya sauya hannu sau uku ko huɗu, amma shaidar mallakar, wato C of O, har yanzu da sunan wanda aka fara ba filin, mutumin da ya daɗe da rasuwa, magadansa sun watse a garuruwa. A cikin tsohon birni ma abin da ke akwai takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu, wata da ajami, gefenta gara ta ci. Hukumomin taswirar filaye irin su AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano sun zo don gyara wannan, amma magajin da ya je zai fara cin karo da bashin harajin fili na shekarun da ba a biya ba.

Hannun jari shi ne dukiyar da aka fi mantawa. Lokacin da Babban Banki ya tilasta wa bankuna ɗaga jarinsu zuwa naira biliyan 25 a 2004 da 2005, har 89 suka koma 25, 'yan kasuwa da ma'aikata sun yi rububin saye, wasu da sunaye biyu ko uku don su samu kaso mai yawa. Takardun suna nan cikin jakunkuna, bankunan da ke jiki wasu sun narke cikin wasu. A 2023 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ce ribar da masu ita ba su karɓa ba ta kai kusan naira biliyan 190. Ba na shakkar cewa a cikin wannan tsibi akwai haƙƙin marayu da ke kwana da yunwa.

Dole a yi wa ofisoshin adalci. Bankin da ya saki kuɗi ga wanda ya fara zuwa da kuka zai cuci matar da ke wani gari da 'ya'yanta, ya cuci mai bin bashi. Kowa ya san labarin ƙanin da ya ɗauke katin cirar kuɗi tun gawa ba ta bar gida ba. Tsaron yana da dalili, kuma wanda ya zare kuɗin mamaci a ɓoye kafin rabo, dukiyar marayu ya ci, ko da da kyakkyawar niyya ya fara. Abin da ba shi da dalili shi ne yadda ake gudanar da tsaron. Na raka wata 'yar uwa da mijinta ya rasu, abin da ya fi gajiyar da ita ba yawan takardun ba ne. A kowane tebur ana faɗa mata abu ɗaya ne tak, sai ta kawo shi a ce saura wani. «Oga ba ya nan.» «Netwok ya ɗauke.» «Hajiya, ki dawo wani satin.» Takarda guda da aka manna a bango, mai ɗauke da duk abin da ake buƙata da Hausa, da kuɗin kowanne, da ta rage rabin wahalar. Rashin ta ne ke ciyar da 'yan kamasho da ke tsaye a bakin ƙofa, shi ne kuma ke sa bazawara ta ba da na goro don a matsar da fayil ɗin da haƙƙinta ne a matsar.

To, a bar ofis a shiga ɗaki. Ranar da aka buɗe akwatin uwa, gwal ba ya ba da wahala. Yana da farashin duniya, yana da ma'auni. Ɗan gwal zai goga shi a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce wannan 18 ne, wato kashi 75 cikin ɗari zinariya, wannan 21, wannan 22, ya ɗora a sikeli ya faɗi giram. Idan ba ka yarda ba, shago na gaba zai maimaita maka. Amma dutsen da ke jikin sarƙar, a wurinsa nauyi ne da za a cire daga lissafi. Na tsaya na ga ana ɓamɓare duwatsu da ɗan hantsaki ana zubawa a gwangwani kamar tsakuwar da aka tsince daga shinkafa, mai kayan kuma ba ta ko waiwaya ba. Galibi ɗan gwal yana da gaskiya, domin yawancin abin da ke ƙyalli a jikin gwal ɗin da ake sayowa daga Dubai da Makka gilashi ne ko dutsen masana'anta. Matsalar tana ga ɗan ragowar. Ana auna dutse mai daraja da karat, kuma karat biyar ne giram guda. Shuɗin yaƙutu mai kyau mai nauyin giram ɗaya, wanda wuta ba ta taɓa ba, ana sayar da kowane karat nasa dubban daloli. Zai iya fin sarƙar da ke riƙe da shi daraja, ya tafi cikin gwangwani.

Raba dutse da zinariya wurin ciniki yana da asali. Muslim ya ruwaito cewa Fadala ɗan Ubaidu ya sayi wata sarƙa a ranar Haibara kan dinari 12, mai zinariya da duwatsu, da ya rarrabe ta sai ya tarar zinariyar kaɗai ta haura dinari 12, Annabi (SAW) ya hana sayar da irinta sai an rarrabe. Illar hukuncin gudun riba ce idan zinariya ake saye da zinariya. Amma akwai darasin da na ɗauka a ciki: a ware ne don a san haƙƙin kowane ɓangare. Mu mun riƙe warewar, mun yar da sanin. Akwai kuma wani dalili da ya sa ba mu saba kimanta dutse ba. Zinariya tana da nisabi, dinari 20, kimanin giram 85, don haka mai ajiyarta yakan tuna nauyinta duk shekara. Duwatsu masu daraja ba zakka a kansu sai idan haja ce ta kasuwanci. Sai dutse ya shekara hamsin a gida ba ranar da wani ya tambayi ƙimarsa.

Alhali kakanninmu sun san dutse. Tsakiya, jan dutsen nan mai sheƙi da tsofaffi ke ɗaurawa a wuya, asalinta daga garin Kambat ne a Gujarat ta Indiya, inda aka shafe dubban shekaru ana gasa dutsen don jansa ya fito, ana fere shi ana huda shi. Ta biyo jiragen ruwa zuwa Bahar Maliya, ta biyo alhazai da fatake ta ƙetare Sahara. A ƙarni na 19 masu sassaƙa na garin Idar-Oberstein a Jamus suka shiga kasuwar da dutsen da suke ɗaukowa daga Barazil suna rinawa, suka riƙa kwaikwayon siffofin da matan Afirka ta Yamma ke so, har da talhatana mai kusurwa uku da Abzinawa ke ji da ita, wadda maƙeran farin Agadas ke ɗaurewa da azurfa. Murjani shi ba ma'adinin ƙasa ba ne, ƙashin wata halitta ce ta Bahar Rum da ke girma a hankali ƙwarai, kuma har yau garin Torre del Greco kusa da Napoli a Italiya ya shahara da aikinsa. Ya iso Kano ta hannun 'yan kasuwar Tarabulus da Gadamas. A kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Katsina, waɗanda aka tona a 1907 aka sake tonawa a 1992, an samu kayan ado na zinariya da duwatsun wuya da aka binne da manyan mutane ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Idan na riƙe tsohuwar tsakiya, abin da nake dubawa bakin hujin ne. Zare ya ci shi ya yi santsi, ya ɗan karkace gefe guda, alamar wuyan mata nawa ta ratsa. Wannan ba a yin jabunsa da sauƙi, kuma masu tara tsofaffin duwatsu shi suke biya.

Abin da ke ƙara min son waɗannan abubuwa shi ne ƙanƙantar abin da ke haifar da kyansu. Jan yaƙutu da shuɗin yaƙutu ma'adini ɗaya ne, korandam, wanda in ya zo tsantsa ba shi da launi ko kaɗan. Ɗan ƙwarya-ƙwaryar kuromiyam ya ratsa shi, sai ya zama ja. Baƙin ƙarfe da taitaniyam suka ratsa shi, sai ya zama shuɗi. Haka zumurrudu da akwamarin, uwa ɗaya uba ɗaya, beril: kuromiyam ko banadiyam ya ba na farko korensa, baƙin ƙarfe ya ba na biyu launin ruwan da ya kwanta. Abin da masanin sinadari zai kira gurɓata shi ne adon. Kuma waɗannan ba labarin ƙasashen nesa ba ne. Akwamarin da tofaz sun daɗe suna fitowa a yankin kuza na Jos da Nasarawa. Ana samun zumurrudu a wajen Gwantu da Nasarawa Eggon, shuɗin yaƙutu a ƙasar Jama'a ta kudancin Kaduna, tomalin a wajen Keffi da jihar Oyo. A tsaunin Mambila na Taraba, ramukan Mayo Sina kusa da Nguroje sun fitar da shuɗin yaƙutun da a 2014 ya ja hankalin manyan ɗakunan binciken duwatsu na duniya saboda tsabtarsa da girmansa. Samarinmu ne ke shiga ramin, wani lokaci ya rufta da su. Dillalai daga Senegal da Mali da Gini su saya a danye, a kai Bankok ko Siri Lanka a gasa a yanka a goge. Idan ya dawo mana a jikin zobe daga Dubai, ba ma gane ɗan gida ne.

Akwai wanda ya fi waɗannan ƙaranci. A ƙauyen São José da Batalha na jihar Paraiba a Barazil, wani mai haƙa, Heitor Dimas Barbosa, ya shafe shekaru yana tonon wani tudu a shekarun 1980 bisa yaƙinin cewa akwai wani abu a ciki. A ƙarshen shekarun ya fito da tomalin mai launin da ba a taɓa gani ba, tsakanin shuɗi da kore, mai haske kamar an kunna shi daga ciki ko da a inuwa. Jan ƙarfe ne a jikinsa ke yin wannan. Wajen 2001 sai irinsa ya ɓulla a jihar Oyo, bayan 'yan shekaru kuma a Mozambik. Duk duniya ƙasashen nan uku ne aka fi sanin shi da su, kuma masana ƙasa suna tuna mana cewa gaɓar Barazil da ta Afirka ta Yamma a haɗe suke kafin teku ya raba su.

Tanzanait kuwa wuri ɗaya ya sani, 'yan tuddan Merelani kusa da Arusha a Tanzaniya. An gano shi a 1967, kamfanin Tiffany na Amurka ya raɗa masa suna a shekarar da ta biyo. Idan ka juya danyensa yana nuna launi uku ta fuska uku, shuɗi, shunayya, da wani ja-ja mai duhu, sai an gasa shi shuɗin ya rinjaya. Gwamnatin shugaba Magufuli ta zagaye wurin da katanga mai tsawon kilomita 24 a 2018 don hana fasa-ƙwauri. A 2020 wani makiyayi Bamasaye mai ramin haƙa, Saniniu Laizer, ya fito da guda biyu, ɗaya ya haura kilo 9 ɗaya ya haura kilo 5, gwamnati ta saya kan shilin biliyan 7.7 a bainar jama'a. Abin da ya burge ni a labarin shi ne an auna, an rubuta, an biya shi a gaban kowa. Mai haƙa a Mambila bai saba ganin haka ba.

Sai dai ido kaɗai ba ya yanke hukunci a wannan fage, ko idon sarakuna ne. Babban jan dutsen da ke gaban kambin sarautar Ingila, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana kira yaƙutu, ba yaƙutu ba ne, sifinel ne, wani ma'adini dabam da sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka iya bambance su. Tun 1902 Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana hanyar narka hoda a yi yaƙutu a masana'anta, mai sinadari da tauri iri ɗaya da na ƙasa. Saboda haka zoben da kaka ta sayo a Makka shekara sittin da suka wuce, tsufansa ba hujja ba ne. A nan ne takarda ke dawowa, wannan karon a matsayin mai ceto. Ɗakunan bincike irin su GIA, da aka kafa a Amurka a 1931, da Gübelin na Siwizalan, suna ba da rahoton da ke faɗin wane dutse ne, nauyinsa, na ƙasa ne ko na masana'anta, an gasa shi ko ba a gasa ba, wani lokaci har ƙasar da ya fito. Ba sa faɗin farashi, amma mai saye na gaske a kan rahoton yake gina farashinsa. Ɗan katin nan da ke zuwa cikin kwalin zobe, wanda ake yarwa tare da leda, shi da rasit su ne C of O ɗin dutsen.

Kafin a kai ga masani, a kiyaye gwaje-gwajen gida. Kar a sa dutse a wuta, kar a buga shi da guduma: daimon shi ne mafi tauri a ma'aunin Mohs, yana kan 10, amma duka ɗaya a daidai jijiyarsa zai tsaga shi. Tanzanait yana fashewa idan zafi ya sauya masa farat ɗaya. Zumurrudu kusan kullum an cike tsagoginsa da mai, ruwan zafi da omo suna wanke man su bar shi fari-fari. Lemon tsami yana cin murjani. Ƙurar hunturu ma tana ɗauke da ɓarɓashin ƙanƙarar dutse mai taurin 7, don haka duk abin da bai kai nan ba, goge shi a bushe da gefen zane yana dusar da shi a hankali. Yaƙutu yana kan 9, bai damu ba. Murjani bai wuce 4 ba. Zuba su a batta ɗaya suna gogar juna shi ne yadda mai taurin ke cinye mai laushin.

Rigimar akwati ba ta tsaya ga ƙima ba. «Ai Hajiya ta ba ni wannan tun bikina.» «A'a, aro ta ba ki.» Wannan musu ya fi na gida zafi, domin ba kuɗi kaɗai ake jayayya a kai ba, har da wa uwa ta fi so. Mazhabar Malikiyya ta yanke: kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa. Idan sarƙar tana nan a akwatin uwa har ta rasu, ta koma gado, ko da an sha jin ta tana cewa ta wance ce. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta zartuwa ga magaji sai sauran sun yarda. Uwar da ke nufin 'yarta da wani abu, ta miƙa mata yau, a gaban shaidu biyu, a rubuta. Haka mijin da ya sayo wa matarsa gwal ya fayyace kyauta ce ko ajiya, don kar ranar da ya faɗi 'yan uwansa su lissafa kayan jikinta cikin dukiyarsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ban ga abin da ya sa muke jin kunyar rubutu a tsakanin uwa da 'ya ba.

Dutse ba ya rabuwa. Gwal ana iya narkarwa a yanka, zobe mai dutse ɗaya kuwa in an fasa shi an kashe shi. A nan 'ya'ya mata ne suka fi cutuwa: su ne ke son kayan don ƙamshin uwarsu na jiki, su ne kuma masu rabin kaso, yayyensu maza da ba sa sa zinariya sun fi son a sayar a huta. Fiƙihu ya bar ƙofofi a buɗe. Ana iya kimanta kayan, mai so ta ɗauka a cire daga kasonta na gida ko na banki, in ya haura ta cika wa sauran. Idan biyu suna so, a daidaita kaso a yi ƙuri'a. Malikiyya sun halatta hubusin abin da ake ɗauka, saboda haka magada baligai za su iya haɗuwa su bar sarƙar kaka a matsayin hubusi, kowace amaryar gidan ta sa a bikinta ta mayar. Duk wannan yana tsayawa ne a kan kimantawa ta gaskiya: a auna gwal dabam, a nuna dutsen ga mutum biyu da ba su san juna ba kuma ba su ne za su saya ba, a ɗauki hotonsa kusa da abin awo kafin ya bar gida. Idan akwai ƙaramin maraya cikin magada, ba mai ikon yafe kasonsa ko rangwanta farashi a madadinsa, don haka sai a kai maganar gaban alƙali, a rubuta ƙimar da aka tsayar, kowane magaji ya riƙe kwafinsa.